Malam Sha'aban da Buhunan Taki

Idan aka idar da sallar asuba a Gamjin Rabo, wani ƙauye da ke cikin gonakin arewacin Ɗanbatta, Malam Sha'aban ba ya tsayawa hirar ƙofar masallaci. Zai miƙa wa liman hannu, ya gaisa da na kusa da shi, ya wuce gida. Da ya sha koko sai ya fito da kekensa, ya latsa taya, ya ja birki, ya girgiza sirdi, kai ka ce yau aka ba shi aronsa, alhali keken ya girmi ɗansa na fari. A bayan keken akwai gwangwanayen madara biyu a ɗaure, ɗaya cike da gyaɗa, ɗaya da gurjiya. Ba na ci ba ne, kayan aiki ne. Da su yake ratsa gonakin gero har ya isa sakandaren je-ka-ka-dawo ta garin, inda ya shafe fiye da shekara talatin yana koyar da kemistiri, wato ilimin sinadarai, a makarantar da ba ta taɓa mallakar ɗakin gwaji ba. A ƙarshen zangon nan ya ajiye alli. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi ko wane ne shi tun yana raye, yana ji da kunnensa.

Mutum ne mai wuyar yarda. Ɗalibansa sun ce amsar da ba daidai ba ba ta tayar masa da hankali, wadda ta yi daidai ce yake yi wa kallon tuhuma. Darasin da aka fi saninsa da shi shi ne rubuta fomula, ɗan taƙaitaccen sunan da ake yi wa sinadari da haruffa da lambobi. Yakan ce abubuwa irin su gishiri da kanwa ɓangare biyu ne suka haɗu, ɗaya mai cajin tarawa, ɗaya mai cajin ɗebewa, kuma fomula ba ta tsayawa sai cajin nan biyu sun tashi daidai. Sodiyom yana da ɗaya, kulorin yana da ɗaya, sai a rubuta NaCl, gishirin miya ke nan. Kalsiyom kuwa biyu gare shi, don haka sai an kawo masa kulorin biyu, a rubuta CaCl₂.

Akwai wata gajeriyar hanya da yara ke ɗaukowa a wajen yayyensu, a ɗauki lambar wannan a ba wancan, a ɗauki ta wancan a ba wannan, shi ke nan an gama ba tare da an san dalili ba. Malam Sha'aban yana jin ƙanshinta tun daga nesa. Aina'u, wadda ta yi karatu a hannunsa, yanzu kuma take koyarwa a Bici, ta ce ranar farko da ta fita allo ta rubuta amsa daidai, tana jiran yabo, sai ya runtse ido ɗaya ya ce, "Wa ya ba ki?"

Ta ce, "Ni na yi, Malam."

Ya ce, "Ban yarda ba. Ga magniziyom mai biyu, ga oksijin mai biyu. Haɗa min su."

Ta yi musayar lamba, ta rubuta Mg₂O₂. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama akuya a rumbu. "Na faɗa. Biyu da biyu sun riga sun tashi daidai, ɗaya-ɗaya ya isa. MgO. Hannunki ya iya, kanki bai san abin da ake ciki ba. Koma ki zauna, gobe ma ke ce."

Wanda ya saba tuhumar amsa bai taɓa kawowa a ransa cewa wata rana shi za a tuhuma ba.

Abin ya faru ne a shekarun da tashin bama-bamai ya addabi Kano, lokacin da shingayen bincike suka cika hanya, kowa ya koma yi wa baƙo kallo biyu. Malam Sha'aban kuwa baƙo ne a Gamjin Rabo duk da daɗewarsa. Daga Gezawa aka turo shi, ba shi da dangi a garin, ba ya zama a majalisa, ba a san abin da yake karantawa a ɗakinsa ba. Ga shi kuma da wata al'ada da ba wanda ya taɓa damuwa da ita a da: idan damina ta kama, yakan bi gonaki yana roƙon buhunan takin zamani da aka zazzage. Yana so yara su ga cewa haruffan da suke rubutawa a allo su ne a jikin buhun da iyayensu ke saɓawa. Da sunayen taki yake koya musu inda ake saka baka biyu. Amoniyom mai ɗaya ne, salfet mai biyu, don haka sai an kawo amoniyom biyu, a rufe shi da baka, a rubuta (NH₄)₂SO₄. Amoniyom da naitiret kuwa ɗaya da ɗaya ne, ba ruwansu da baka, NH₄NO₃.

Yara suka ji daɗin wannan, suka ɗauki gawayi suka cika bangon injin niƙa da sunan takin nan na ƙarshe da fomularsa. Sai wani saurayi mai suna Fatihu, da ke tuƙa a-daidaita-sahu a birni, ya zo gida hutu, ya tsaya ya karanta. Ya taɓa jin sunan a bakin fasinja. Ya ce da masu jiran niƙa, "Kun san mene ne wannan kuwa? Da shi ake haɗa abin nan da ke tashi da mutane. Wa ke koya wa yara?"

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Wani ya tuno buhuna. Wata ta tuno ta taɓa ganin kwalabe a tagarsa. Wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da mutumin da ba ya hira ba. Aka ce ruwa ba ya tsami banza.

Malam Sha'aban bai ji daga bakin kowa ba, a jikinsa ya ji. Sahun da yake tsayawa a masallaci ya fara yin gibi a gefensa. Mai shayi ya daina ce masa "Malam an fito?" Kujeru suka fara zama wayam a aji. Matarsa Fadima ta aiki yarinya gidan maƙwabta ɗebo wuta, aka ce wutar ta mutu, alhali ga hayaƙi yana tashi. Daga nan shi ma zuciyarsa ta ɓaci da zato. In ya ga mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa sai ya ce da shi suke. In mota ta tsaya a bakin hanya sai ya saurara ya ji ko takun takalma zai biyo baya, don a lokacin wanda aka ɗauka da irin wannan zargi, dawowarsa sai wani ikon Allah. Har ɗalibansa ya riƙa dubawa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa, a cikin waɗannan wa ke kai rahoto? Ya gaya min wannan ne abin da ya fi ci masa rai, ya tsaya gaban yaran da yake ƙauna yana zarginsu.

Ranar da mai unguwa, Muhammad Auwal, ya aiko kiransa, Fadima ta tare ƙofa. Ta ce, "Malam, don girman Allah, duk abin da suka tambaye ka ka ce ba ka sani ba. Ka ce taki taki ne kawai. Ka dubi yaran nan."

Ya ce, "In na yi ƙarya guda suka kama ni, wace gaskiyar tawa za su sake karɓa?"

Zauren mai unguwa ya cika har waje. An riga an je an kwaso abin da ke ɗakinsa an zube a tabarma: buhunan taki babu komai a ciki, ƙullin kanwa, gishiri, alif, toka a kwalba, da farar ƙasa. Mai unguwa ya sa ƙafar sandarsa ya juya su, ya ce, "Malam, an kawo ƙararka. Ba zan ce wa ya kawo ba. Waɗannan na mene ne?"

Malam ya yi bayani a tsanake. Liman ya ɗaga ƙullin gishiri ya ce, "To shi wannan me ya kawo shi cikin karatu?"

"Allah gafarta Malam, shi ma abu biyu ne. Ɗayan in shi kaɗai ne, a ruwa ma wuta yake kamawa. Ɗayan kuma iska ce mai shaƙe mutum. Amma da suka haɗu cajinsu ya daidaita, sai suka zama abin da muke sawa a miya."

Maimakon hankali ya kwanta, sai zaure ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko? Wuta da guba!"

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi Malam ido cikin ido. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Abin da yara suka rubuta a bango, ana yin mugun abu da shi ko ba a yi?"

Malam Sha'aban ya ce a lokacin maganar Fadima tana yi masa yawo a kunne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na karanta cewa miyagu suna yi. Ni ban san yadda ake yi ba, ban nema ba, ba kuma shi nake koyarwa ba. Sunansa nake koya musu rubutawa. Wanda ya iya rubuta 'wuƙa' ai bai yanka kowa ba."

Wasu suka miƙe suna cewa a kira hukuma yanzu-yanzu. Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Shi ma ba yarda ya yi ba, amma ya san in ya miƙa mutum, ba shi da ikon dawo da shi. Daga ƙarshe ya yanke cewa ba za a miƙa shi ba, ba kuma za a sake shi haka nan ba. Za a sa dattijo guda ya riƙa zama a ajinsa duk lokacin da zai koyar, ya ji da kunnensa, ya kawo labari. Aka zaɓi Baba Mani, wani tsoho mai jakuna da ke kai takin gida gonaki, wanda aka san ko goro aka ba shi sai ya ɓare ya duba ciki.

Shugaban makaranta ya ce wannan wulaƙanci ne, ya ba Malam Sha'aban shawara ya nemi a mayar da shi Gezawa, shi zai sa masa hannu. Ya ƙi. Ya ce, "In na tafi sun tabbatar ke nan. Duk malamin kimiyyar da aka turo bayana da wannan tabon zai fara."

Baba Mani ya zo ya zauna a bencin ƙarshe, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, idonsa a kan alli. Malam ya fara darasi da Turanci kamar yadda aka saba. Bai yi nisa ba tsoho ya buga sanda a ƙasa.

"Malam, an turo ni in ji. Wannan yaren naka ban san me kake ƙulla wa 'ya'yan mutane da shi ba. In ba ka da abin ɓoyewa, faɗe shi da Hausa."

Yara suka sunkuyar da kai. Malam Sha'aban ya ji kamar ya jefar da allin ya fita. Ya haɗiye fushinsa, ya ce, "To, Baba." Ya fara laluben kalmomi, yana tuntuɓe, don bai taɓa tunanin abin da bakin gida ba. Da ya ga magana kaɗai ba za ta kai ba, washegari ya zo da gyaɗa da gurjiya. Ya ce kowace ƙwayar gyaɗa cajin tarawa ce, kowace gurjiya cajin ɗebewa, kuma ba a tashi sai kowace gyaɗa ta sami gurjiyarta. Baba Mani ya taso ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa da haƙori, ya tauna, ya tabbatar gyaɗa ce, sannan ya koma mazauninsa.

Haka aka yi ta tafiya, tsoho na zargin malami, malami na zargin abin da tsoho ke kaiwa zaure. Ba sa gaisuwa sai ta dole. Wata rana aka zo kan alminiyom mai caji uku da oksijin mai biyu, aji ya cije. An jera gyaɗa uku-uku, gurjiya biyu-biyu, kullum sai wata ta yi saura. Malam ya yi bayani ya sake, yara na kallonsa. Can sai aka ji murya daga baya.

"Wai tsaya. Wannan ba mangala ba ce?"

Malam ya ce, "Wace mangala, Baba?"

"Ta jaki mana. In ƙullin wannan gefe mudu uku-uku ne, na wancan biyu-biyu, ai ba ka ɗora ɗaya da ɗaya, kaya zai zame. Sai ka sa biyu na masu uku, uku na masu biyu. Shida nan, shida can, jaki ya miƙe." Ya ɗaure fuska ya ƙara da cewa, "In dai ba wani abin kake nufi ba."

Malam Sha'aban ya juya ya rubuta Al₂O₃ a allo. Aina'u ta ce wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta ce da ƙarfi, "Au, dama shi ke nan?" Aji ya fashe da dariya, dariyar farko tun da abin ya fara.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya warware. Da zango ya ƙare mai unguwa ya tambayi Baba Mani abin da ya gani, amsar da ya bayar ita ce, "Ban kama shi da komai ba tukuna." Bai taɓa cire wannan "tukuna" ba har Allah ya karɓi ransa, ko da yake ya ci gaba da zuwa ajin bayan an ce ya huta, wai shi bai gama bincike ba. Yawancin yara sun dawo, wasu iyayen ba su mayar da nasu ba har abada. Ba wanda ya tara jama'a ya ce an zalunci Malam. Gibin sahu ya rufe a hankali, mai shayi ya dawo da gaisuwarsa kamar ba a yi komai ba. Har yau akwai masu rage murya in ya wuce.

Amma ajin ya canja. Bai sake komawa Turanci zalla ba. Zai warware abu da Hausa har sai ya ga idon yaro ya buɗe, sannan ya mayar da shi Turancin jarrabawa. Daga wannan ajin da ba shi da ko kwalbar gwaji ɗaya aka sami masu haɗa magani, da ma'aikatan jinya, da malaman gona, da malamai irin su Aina'u, wadda ta ce har yau ba ta shiga aji sai da gyaɗa a jaka. Wani manomi a garin ya gaya min 'yarsa ce ke karanta masa abin da ke jikin buhu kafin ya saya, ta ce masa wannan na ganye ne, wancan na saiwa.

Malam Sha'aban, kai ne aka zube kayanka a tabarma gaban jama'a, washegari ka hau keke ka tafi koyar da 'ya'yan waɗanda suka zube su. Kai ne ƙarya ɗaya za ta fisshe ka, ka ƙi yin ta. An sa maka mai gadi, ka mayar da shi ɗalibi ba tare da ka taɓa ce masa ɗalibi ba. Gamji sha sara. Ba mu ce ba ka da kaifi ba, ɗalibanka sun sha "ban yarda ba" har sun gode Allah. Amma yau sun gane cewa rashin yardarka da amsarsu yarda ce da hankalinsu, ka san za su iya gane dalili, shi ya sa ka ƙi karɓar haddar aku.

Da na je gidansa don wannan rubutu, sai da ya tambaye ni wa ya turo ni, da inda za a buga, da abin da zan samu. Da muka saba, na tambaye shi ko ya taɓa sanin wanda ya ɗauki maganar daga bakin injin niƙa ya kai ta zauren mai unguwa, tunda Fatihu faɗa kawai ya yi ya koma birni.

Ya ce, "Na sani. Tun a makon da aka kira ni zaure na sani."

Na ce, "Wane ne?"

Ya dubi alƙalamin da ke hannuna, ya runtse ido ɗaya. "In na faɗa maka rubutawa za ka yi. Tsoro ne ya sa shi, kuma a lokacin kowa a tsorace yake, har ni. 'Ya'yansa uku sun bi ta ajina, ba wanda ya san da maganar a cikinsu. Kana so su karanta a jarida?"

Na rufe alƙalami.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutun nan ya zama mai albarka, ya jiƙan Baba Mani. Ku kuma malamai matasa da ake turawa ƙauyuka kuna neman hanyar gudu tun kafin ku sauke jaka, ga wanda ya zauna a inda aka zarge shi har ya ga amfanin zamansa. Mutanen Gamjin Rabo, Malam yana nan a gidansa na bayan masallaci, da ransa da lafiyarsa, yana amsa sallama. Wanda ya san akwai maganar da ya kamata ya faɗa masa tun shekarun nan, ƙofar a buɗe take.